Ƙwaryar Inna Ba Ta Zama Ƙasa

Taubashina, ɗan yayan uwata, ya ɗauki alamar da ke jikin ƙwaryar Inna ya sa aka buga ta a kan buhun goge ƙafa, ya baza a rumfarsa ta kasuwar Kalgo, mutane suka saya suka shimfiɗa a bakin ƙofa suna takawa. Abin da ya yi mini ke nan. Na faɗe shi tun daga farko don kada wani ya karanta rabi ya ce ai kishin sana'a ne, wani ya kwaikwayi wani. Kwaikwayo bai taɓa hana ni cin tuwo ba. Tun da na fara aikin nan ake kwaikwayona daga Gwandu har Birnin Kebbi, kuma duk wanda ya gwada, wanki biyu fentinsa ya bi ruwa. Wannan maganar dabam ce.

Boko dai ban yi nisa ba. Na gama firamare, na leƙa sakandare, Baba ya rasu, na tattara na fito. Abu guda na fito da shi: hannuna yana jan layi ya miƙe ba rula. Da shi na ci abinci shekara da shekaru. Allon shago, bayan tifa, gefen motar kasuwa, bangon makaranta. Na zana zaki ya fi a ƙirga, ni da ban taɓa ganin zaki ba sai a hoto. Akwai mai shayin da na zana wa kofi yana tururi, ya ce in rage tururin kada mutane su ce shayinsa na ƙona baki. Na rage. Mai abu da abinsa. Ana nan sai injin buga allon talla a leda, wanda ake kira bana, ya shigo gari, a danna kwamfuta, kafin ka sha ruwa an fito maka da allo mai hoton zakara kamar zai yi cara. Aikinmu ya mutu a tsaye. Wasu suka koma kabu-kabu. Ni na koma gida ina kallon bango.

A wannan zaman ne labulen ƙofar Inna ya yage. Na sayo farin akoko, aka ɗinke bakinsa, na rataya mata. Ta fito ta dube shi sama da ƙasa.

"Wanga mi ne?"

"Labule ne, Inna."

"Likkafani dai. Ka ƙagara ne? Bari in mutu tukuna."

Na sauke shi na shimfiɗa a tsakar gida, na ɗauko ragowar fentina, na fara zana fure irin na zanen gadon kanti. Tana zaune tana dama fura, da na yi ganye biyu ta leƙo.

"Huren wace ƙasa ne wanga? Ni dai ban taɓa ganin saniya ta ci irinsa ba."

"To mi zan zana miki?"

Ta ɗaga ludayi ta nuna ragayar da ke rataye a cikin ɗakinta.

Inna Bafillatana ce, daga rugar da ke bayan Dalijan, irin waɗanda suka zauna wuri guda tun kakanni, suna noma suna kiwo. Babana Bakabe ne manomi, ya auro ta ya kawo Gwandu. Duk tsawon rayuwarta nono da fura ta sayar. Tana da ƙore da yawa, amma guda ce ta ragaya, wadda aka kawo ta da ita gidan aure. Ta sha man shanu da hannu har ta yi ja wur tana ƙyalli, gyartai ya ɗinke ta a wuri biyu. Kusa da bakinta akwai zane da aka ƙona da wuƙa mai zafi: ƙaho biyu sun rungumi da'ira, a ƙarƙashinsu ɗige-ɗige a jere.

Tun ina yaro nake ganin zanen, ban taɓa tambaya ba. Ranar ta sauke ƙwaryar ta ɗora a cinyarta ta bi shi da yatsa. Ta ce da'irar rijiya ce, ƙahonin shanun gidansu ne. Ɗige-ɗigen kuwa mata ne. A gidansu, ɗiyar fari ta kowane zamani, in za a kai ta aure, sai a ƙona mata sabuwar ƙwarya da wannan alama, a ƙara ɗigo guda a ƙarshen layi.

"Wagga gwaggota ce. Wagga gwaggon babana. Waɗanga na baya ban san sunansu ba, amma sun san ni." Ta dangwala na ƙarshe. "Wagga ni ce."

Daga kanta aka daina. Gidan yayanta maza aka yi ta haifa, roba da kwanon silba suka shigo, aka manta da mai ƙona ƙwarya.

Abu guda da kowa ya sani a kasuwar Gwandu shi ne ƙwaryar nan ba ta zama ƙasa. Ko a ka, ko a cinya, ko a ragaya. In Inna ta manta gammo, sai ta cire mayafinta ta naɗe shi ta ɗora ƙwaryar a kai, ita ta zauna rana na dukanta. Na taɓa jin wata mai ƙosai tana tsokanarta, wai ƙwarya ta fi mai ita daraja. Inna ta ce, "Ni ɗaya ce, su suna da yawa."

Zanen ƙwaryar nan na zana mata a labulen, da baƙi da jar ƙasa. Fentin mota ne a hannuna lokacin, labulen ya bushe ya yi tauri kamar ƙirgi, in iska ta kaɗa shi sai ya yi ta ƙara kamar ana kakkaɓe buzu. Inna ta ce a bar mata abinta, ko ɓarawo ya taɓa za ta ji. Daga baya na gano akwai fentin yadi a Birnin Kebbi, na sayo na sake mata wani mai laushi.

Mata masu zuwa gaishe ta suka fara tsayawa a bakin ƙofa suna shafa labule. Wata ta ce a yi mata irinsa. Inna ta ce, "Wanga na 'ya'yan gidanmu ne. Amma zane ya ƙare a duniya ne? Kai, tashi ka nemo musu nasu."

Na tashi. Na bi tsofaffin zaurukan Gwandu, waɗanda damina ke ci kaɗan-kaɗan, ina kwafe zanen bangonsu da gawayi a takardar buhun siminti kafin su zube. Na je Kambaza da Dangoma ina roƙon tsofaffin mata su fito mini da faifansu da randunansu in duba. Wasu suka ɗauka boka ne ni. Wani tsoho masunci ya nuna mini goransa na hawa ruwa, da zanen da ubansa ya yi masa a wuya, irin haƙorin kada. Na ga gwado da luru waɗanda asu ya cinye rabinsu, na kwashe abin da ya rage. Babu wanda ya aike ni, babu wanda ya ce sannu.

Ga yadda nake aikin. In na daidaita zane, sai in samo ledar hoton ƙashi ta asibiti wadda aka gama da ita, in yanke zanen a jikinta da reza. In ɗora ta a kan yadi in dandanna fenti da soso, in ɗaga, in matsa gaba. Bayan nan in bi da burushi da hannu, don leda ba ta da rai, sai hannu ya bi bayanta. A inuwa nake shanya, ba a rana ba. In ya bushe in juya bayansa in goge da dutsen guga na gawayi, zafin ne ke kama fentin ya zauna. Launina baƙi ne, da jar ƙasa, da shuɗin baba, sai ɗan ruwan ƙwai in ta kama. Mai son ruwan hoda da ƙyalƙyali ga kanti can, ba ni da shi.

Kuma ina da doka, ba wanda ya koya mini ita sai ƙwaryar nan. Kowane zane yana komawa inda ya fito. Na bango da na bakin zaure su ne na labule. Na faifai da na ƙwarya su ne na rufe abinci da shimfiɗar tebur. Na gwado da luru su ne na zanen gado da rigar matashi. Abin da za a zauna a kai ko a taka, zanen tabarma nake sa masa, ko sawun zabo, tun da zabo dama a ƙasa yake yawo. Wata hajiya ta taɓa cewa in sa mata zanen faifai a shimfiɗar tsakar ɗaki. Na ce mata, "Hajiya, kina taka faifanki a gida?" Ta yi fushi ta tafi, bayan sati ta aiko a yi mata yadda na ce.

Ba fahariya ba, aikin ya karɓu. Yau da wuya a yi jeren amarya a unguwarmu ba labulena a ciki. An kai kayana Sakkwato, an kai Abuja, wata ta tsallaka da su Nijar. Akwai zauren da na kwafe zanensa, bara ya rushe, yanzu in jikokin mai zauren suna son ganin abin da kakansu ya yi, sai su dubi labulen falonsu. Wannan ni na yi shi, da reza da soso, ni da aka ce ban gama makaranta ba.

Alamar Inna kuwa ban taɓa sayar da ita ba. Na yanka mata ledarta, na yi wa mata kaɗan na gidansu labule kyauta, na rataye ledar a ƙusa can sama a shagona. Da Inna ta rasu na ɗauke ƙwaryar da ragayarta na mayar ɗakina.

To, taubashin nawa. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka a wasanmu shi ne ubangida ni ne bawa. Ya bar kiwo tun da ƙuruciya ya kama tireda a Kalgo: bokiti, baho, tabarmar leda, tsintsiyar roba. Mutum ne mai tumbi da dariya, in yana magana a farkon layi ana jin sa a ƙarshe. Bai taɓa kiran sunana ba. Ko a jana'iza muka haɗu sai ya raɗa mini, "Bawana, wa ya ba ka izinin zama kan tabarma?" Ni kuma in ce, "Ubangidan da ba ya da ko akuya." Mu yi dariya. Kowace shekara in watan cika-ciki ya kama, sai ya zo ya ƙwace mini wani abu. Hula, takalmi, wata shekara zakarana ya saɓa a hammata ya tafi. In kai masa goro in fanshi kayana. Zakaran ne kawai bai dawo ba, ya ce ya yi masa rashin kunya a hanya. Ina son wasan nan, ba zan ɓoye ba. Ba ni da wa ba ni da ƙane, shi ne nawa.

Shekarar da abin ya faru ya shigo shago ina tsakiyar aiki, hannuna duk fenti.

"Kai bawana! Ba ka iya tashi ka gaida ubangidanka?"

"In na tashi wa zai ciyar da kai?"

Ya waiga ya waiga, ya miƙa hannu ya zare ledar daga ƙusa.

"Wagga na ɗauka."

"Ajiye wannan. Ga hula can sabuwa."

"Ji bawa shina zaɓa wa ubangida! Kai da kayanka dut nawa ne."

"Ta Inna ce fa."

"Gwaggota ce kafin ta zama innarka."

Ya naɗe ta ya sa a aljihu ya fita yana dariya. Ban bi shi ba. Wa ke bin taubashi da gudu a watan cika-ciki? Ai sai gari ya yi da kai. Bayan kwana biyu na aika masa goro, ya ce goron ya yi ƙanƙanta. Na sake aikawa, ya ce ledar tana hutawa. Na ɗauka jan wasa ne.

Bayan an kwashe amfanin gona, na kai wa wani ma'aikacin ƙaramar hukuma labulen falo a Kalgo. Ya fito ya tarbe ni, muka nufi ƙofa, na sunkuya zan cire takalmi. Sai na gan ta. Buhu ne mai kauri an yanka an ɗinke bakinsa, a tsakiya ga ƙaho biyu sun rungumi rijiya, da kore shar, launin da Inna ba ta taɓa sani ba. Ɗige-ɗigen suna nan a jere. Na ƙarshen, nata, laka ta rufe shi.

Maigidan ya sa ƙafa ya murza ya murza, ya wuce ciki. Ya juyo ya gan ni a tsaye.

"Bismillah mana, malam. Goge ka shigo."

"Ina ka samo wannan?"

"Kasuwa, wurin mai robobin nan mai dariya. Ai na ɗauka aikinka ne, shi ya sa na saya har biyu. Ɗayan na ƙofar bayi."

Ban san lokacin da na tsallake shi ba, tsalle guda, da labule a kafaɗa, ni da gwiwata ke ciwo. Mutumin ya yi ta dariya. Na rataya masa labulensa. Da zan tafi na roƙe shi ya ba ni buhunan biyu, zan kawo masa waɗanda suka fi su. Ya ba ni yana kallona kamar mai taɓin hankali.

Daga nan kasuwa na zarce. Ga su nan tuli a gaban rumfar taubashin nawa, wasu a ƙasa ya shimfiɗa don talla. Ashe wani mai buga hotunan 'yan siyasa a riguna ya kai wa ledar, aka yi ta bugawa. Yana hango ni ya ɗaga murya.

"Jama'a ku ba da hanya, ga bawana ya zo gaisuwa! Ka ga yadda ake sana'a? Kai kana ɓoye abu a ƙusa, ni na fito da shi duniya ta gani."

Na ce, "Ƙasa ka sa ta."

"To a sama ake goge ƙafa?"

'Yan rumfunan kusa suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Taubasai ne, ku ƙyale su." Wani ya ce, "Ba shi amsa mana, mai fenti!" Suna jira in rama da wasa, don haka aka saba gani.  In na yi fushi, ni ne mara wasa. In na yi dariya, na yarda ke nan. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Alamar gidan ubana ce, gwaggo aro ta tahi da ita gidanku. Mai abu ya karɓi abinsa, mi ne na ɓacin rai?" Na cire hannunsa na juya na tafi, ana ta yi mini dariya a baya.

Na kai ƙara ruga, wurin ƙanen Inna, shi ne babban da ya rage a gidan. Na shimfiɗa masa buhun a cinyarsa, ba a ƙasa ba. Ya daɗe yana kallo. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce to, yau za a yi magana. Sai ya naɗe ya miƙo mini.

"Bai kyauta ba. Amma ba a shari'ar taubasai, ɗana. Abin da aka ɗauka da wasa, da wasa ake karɓo shi."

"Kawu, yayarka ce ake takawa."

"Na gani. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka yi haƙuri."

Haƙuri. Tun ina yaro ake ba ni shi, da abinci ne da na fi taubashin nawa tumbi.

Ban sake zuwa rumfarsa ba. Abin da na yi shi ne, na sayo buhuna na yanka, na buga musu sawun zabo da zanen tabarma, baƙi da jar ƙasa, na bi da hannu yadda nake yi wa labule. Duk inda na ji an sayi nasa, a Kalgo ko a Gwandu, in je in yi sallama in ce musanya na kawo. Mafi yawa suka karɓa da murna, don nawa ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Wata tsohuwa da na yi wa bayani ta ce, "Subhanallahi," ta ɗauke shi da hannu biyu ta miƙo mini. Wani kuwa ya ce shi koren yake so, in fita masa daga gida. Na fita. Waɗanda na karɓo na wanke su tas na shanya. Ƙona su ba zan iya ba, zubarwa ba zan iya ba. Suna nan a kan rufin shagona daga ciki, na jera su a kan katako. Amma ina kwashewa yana bugawa. Ledar na hannunsa.

Cika-ciki ya zagayo, bai zo ba. Ya aiko a ce wa bawansa ya kawo gaisuwa. Na ce a ce masa ban ji ba.

Ana cikin haka sai ga ɗiyarsa ta fari ta yi sallama a shago. Malamar makaranta ce a Kalgo, mai natsuwa, ba ta ɗauko bakin ubanta ba. An sa ranar aurenta da wani abokin aikinta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi zama a kujera.

"Baffa, labule nake so na ƙofar ɗakina."

"Ga su nan, zaɓi. Ko ubanki ya buga miki kore."

Ta sunkuyar da kai. "Irin na Inna nake so."

Na ajiye burushin da ke hannuna.

Ta ce, "Ina ƙarama in an kawo ni Gwandu, takan sauke ƙwaryar ta kama yatsana ta bi ɗige-ɗigen da shi. In mun kai ƙarshe sai ta ɗora yatsana a wurin da ba komai, ta ce nan wurinki ne. Na san abin da Baba ya yi. Na yi masa magana ta bakin Mama, ya ce wasa ne tsakaninku. Ni ban sa ƙafata a kan ko ɗaya ba, Baffa. In na je gidan da yake, tsallakewa nake yi."

Na juya baya ina gyara gwangwanin fenti da ba abin da ya same shi. Na ce ta dawo bayan sati.

Leda ba ta hannuna, ban kuma yanka wata ba. Na sauke ƙwaryar daga ragaya na ɗora a kan gammo a gabana, na shimfiɗa akoko mafi kyau da na samu, na zana da hannu tsura, ina duban ƙwarya ina duban yadi. Ƙaho biyu, rijiya, da matan gidan a jere. Da na zo kan ɗigon Inna na tsaya na sha ruwa. Sannan na tsoma burushi na ɗiga guda a gabansa. A duk abin da hannun nan ya yi, daga zakin tifa har yau, babu kamar labulen nan. Ƙwaryar kuwa ban ba ta ba, ba zan yi ƙarya ba. In na mutu ta zo ta ɗauka, na faɗa wa matata.

Ban jira ta dawo ba. Ranar kasuwa na naɗe labulen na hau mota zuwa Kalgo, na nufi rumfar ubanta da rana tsaka, lokacin da layin ya cika. Washegarin ranar matarsa ta aiko mini da ledar a naɗe cikin sabon zane, kuma tulin buhunan ya ɓace daga rumfar, ban tambayi inda aka kai su ba. Shi bai zo ba, ni ban neme shi ba. Yanzu in mun haɗu a suna ko jana'iza, "ɗan gwaggo" yake ce mini, a hankali, kamar baƙo. Wani lokaci nakan ji kewar a ce mini bawa. Amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ranar kasuwar nan dai, yana ganina ya washe baki ya fara, "Jama'a, ga bawa—"

Na ɗaga hannu. Na warware labulen na riƙe shi sama da hannu biyu, yadda gefensa ba zai taɓa ƙasa ba. Mutanen layin suka matso. Na ce masa:

"Yau ba bawanka ne ya zo ba, ɗan gwaggonka ne, kuma ba wasa ya kawo ni ba, kowa ya shaida. Ka ce alamar gidan ubanka ce. Gaskiyarka, taku ce. Ni ɗan mace ne, ba ni da ɗigo a ciki, ba ni da saniya a ciki. Amma ni na ga matar da ta zauna rana na dukanta don kada abin nan ya taɓa ƙasa, kai kuma ka kai shi ƙofar bayi. Wanga labulen ɗiyarka ne, ita ta roƙa, don ita na yi, ba don kai ba. A ƙofarta za a rataye shi. Na san kunyar ɗiyar fari ba za ta bar ka ka je da wuri ba, amma wata rana za ka je, kuma ba ka shiga sai ka sunkuyar da kanka a ƙarƙashinsa. Yanzu matso ka ƙirga. Ka ga na ƙarshen nan, wanda fentinsa bai daɗe da bushewa ba? Ita ce. Ledar da ke hannunka ta tsufa, a kan Inna ta tsaya. In za ka sake bugawa, kada ka yi rabin aiki. Kawo ta nan, ga reza a aljihuna, in huda maka na ɗiyarka, a taka su gaba ɗaya."